Rediyon al'umma ko rediyo don al'umma? Tarihin tashar Sutatenza ta ƙasar Kolambiya

Wace tasha ce ta cancanci a kira ta rediyon al'umma? Duk shekara idan 13 ga Fabrairu ta zagayo, ranar da aka ware wa rediyo a duniya, za ka ji masu jawabi suna liƙa wannan suna ga kowace tashar FM da ke magana da harshen gida, tana karanta gaisuwar masu saurare da sanarwar ɗaurin aure. In kuma aka gangaro tarihi, sunan da aka fi ambata a matsayin mafari shi ne Rediyo Sutatenza, wata 'yar tasha da wani matashin limamin Katolika ya kunna a 1947 a wani ƙaramin gari da ke cikin duwatsun Kolambiya, a Kudancin Amurka.

Tashar ta yi aikin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Ta shiga gidajen da makaranta ba ta taɓa isa ba, ta koya wa manoma karatu da lissafi na tsawon shekara 40 da ɗoriya. Amma a 1989 aka sayar da ita ga kamfanin 'yan kasuwa, kuma manoman da aka kafa ta dominsu ba su da ta cewa a cinikin. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu amsar tambayarmu take.

Me ake nufi da rediyon al'umma?

Masu harkar watsa labarai sun kasa rediyo gida uku. Akwai na hukuma, wanda ake gudanarwa da kuɗin gwamnati. Akwai na kasuwa, wanda wani mutum ko kamfani ya zuba jari don ya ci riba ta hanyar talla. Sai na al'umma. Yarjejeniyar watsa shirye-shirye ta Afirka, wadda aka amince da ita a birnin Windhoek na Namibiya a 2001, ta tsaya a kan wannan rabo, ta kuma nemi ƙasashe su ba kowanne gurbinsa.

Abin da ya raba na ukun da sauran ba ƙanƙantar na'ura ba ne, ba kuma harshen da ake magana da shi ba. Ba a kafa shi don riba. Mutanen wurin ne suka mallake shi ta hannun wata ƙungiya ko kwamitin da suka zaɓa, su ne kuma ke yanke abin da za a faɗa, su shiga ɗakin watsa shiri su faɗe shi da bakinsu. Tashar attajiri tana iya yin shirin noma mai amfani ƙwarai, ta buɗe layin waya kowa ya kira, amma ranar da mai ita ya ga dama zai sauya akalarta ko ya sa ta a kasuwa, ba wanda zai tuhume shi. Ni dai in ana gardamar nan, abu biyu nake tambaya: makullin tashar yana hannun wa, kuma wa ke da ikon sayar da ita?

Yadda aka fara a Sutatenza

Sutatenza gari ne a kwarin Tenza, cikin jihar Boyaca, arewa maso gabas da Bogota, babban birnin ƙasar. A watan Agustan 1947 aka turo José Joaquín Salcedo ya zama mataimakin limamin cocin garin. Shekarunsa 25, bai daɗe da zama fada ba. Yawancin mutanen da aka ba shi ba a cikin gari suke zaune ba. Gidajensu a warwatse suke a jikin tsaunuka, kowa a bakin 'yar gonarsa, tsakanin gida da gida sai an hau an sauka. Mafi yawansu ba su iya karatu ba. Wurin haɗuwar maza bayan aiki shi ne gidajen chicha, wata giyar masara mai kama da burkutu.

Salcedo tun yana ɗalibi yake da sha'awar kayan rediyo da majigi. Da majigin ya fara: ya riƙa haska fim a dandalin gari, mutane suka riƙa saukowa daga tsaunuka suna kallo. Daga nan ya kawo wata ƙaramar na'urar watsa shiri haɗin hannu, wadda ƙarfinta bai wuce wat 100 ba, da akwatunan rediyo masu batir guda uku da aka kai wasu unguwannin karkara. Kafin shekarar ta ƙare tashar ta fara magana, kuma cikin abubuwan farko da ta watsa akwai kiɗan manoman garin da kansu.

A daure a tsaya a kan wannan. Mutumin da bai taɓa ganin akwatin rediyo ba, ranar da ya fara gani sai ya ji muryar maƙwabcinsa tana fitowa daga ciki. A wannan ɗan lokaci na farko Sutatenza ta fi kusa da abin da muke kira rediyon al'umma a yau fiye da kowane lokaci a bayansa.

Abin ya bunƙasa da sauri. A 1948 kamfanin General Electric ya ba da akwatunan rediyo 100 da na'ura mai wat 250. A 1949 aka yi wa aikin rajista da sunan Acción Cultural Popular, wato ACPO, ƙungiyar da ke ƙarƙashin inuwar Cocin Katolika. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da ƙasar ke cin wuta. A ranar 9 ga Afrilun 1948 aka harbe ɗan siyasar nan Jorge Eliécer Gaitán a Bogota, rikicin 'yan jam'iyyar Liberal da na Conservative ya ɓarke, ya ɗauki kimanin shekara 10, ya ci rayuka wajen 200,000, akasarinsu mutanen karkara. Gwamnati da coci duka suna neman hanyar da za su isa ga manomi, sai ga wani ya samo ta.

Makarantar da malaminta ke cikin akwati

Mutane da yawa sun ɗauka cewa rediyon ne ya koyar da karatu. Rediyo shi kaɗai ba ya koya wa kowa rubuta sunansa. Abin da ACPO ta gina shi ne makarantar rediyo, kuma ginshiƙinta wani mutum ne da suke kira mataimaki na kusa.

Ga yadda take. Da sassafe, kafin a fita gona, wani zai buga guntun ƙarfen dogo da aka rataya a matsayin ƙararrawa. Mutanen gida da maƙwabta su taru a ɗaki ɗaya ko a baranda, kowa lulluɓe da bargon ulunsa saboda sanyin dutse. Akwai akwatin rediyo a kan tebur, da allo, da alli, da agogo don kada lokacin darasi ya wuce. Malami yana can cikin ɗakin watsa shiri yana magana a hankali, yana faɗin shafin da za a buɗe, yana umartar mataimakin ya rubuta harafi kaza a allo, sannan ya dakata don a samu damar kwafa. Mataimakin nan ba malami ba ne. Sau da yawa ɗan gidan ne ko 'yar gidan da ta ɗan taɓa zaman aji shekara biyu ko uku, ba a biyan ta ko sisi. Ita ce za ta nuna harafin da yatsa, ta kama hannun mahaifinta mai kaushi ta daidaita masa fensir, ta duba littafin kowa, ta rubuta sunayen waɗanda suka zo. Da yamma a maimaita darasin don wanda ya rasa na safe.

Darussan sun tsaya a kan fannoni biyar, kowanne da ɗan littafinsa: karatu da rubutu, lissafi, kiwon lafiya, noma da tattalin gida, sai tarbiyyar addini. Hukumar UNESCO ta turo ƙwararru a shekarun 1950 suka taimaka wajen tsara littattafan farko. Ba a tsaya ga baƙaƙe ba. Ana koyar da haƙa masai, da tafasa ruwan sha, da ɗaga murhu daga ƙasa, da yin takin gargajiya, da dasa lambu a bayan gida, da raba makwancin mutane da na dabbobi.

A kewayen rediyon aka yi ta ƙara wasu abubuwa. A 1954 aka buɗe cibiyar horar da samarin karkara a Sutatenza, a 1956 aka buɗe ta 'yan mata, kuma waɗanda suka ratsa cibiyoyin ACPO sun haura 20,000. Su ne suka koma ƙauyukansu suna kafa makarantu suna zagaya su. A 1958 aka fara buga jaridar mako-mako mai suna El Campesino, ma'ana Manomi, wadda ake sayarwa a ƙofar coci ranar Lahadi bayan an fito ibada. Aka kuma buga ƙananan littattafai masu araha, aka ce wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙwai ɗaya ya karɓi littafi ɗaya. Wannan dabara tana burge ni har yau. Ba a ba manomi kyauta ba balle ya raina abin, ba a kuma nemi abin da ba shi da shi ba. Kaza dai akwai ta a kowane gida.

Sai wasiƙu. Ana ƙarfafa wa duk wanda ya koyi rubutu gwiwa ya rubuto wa tashar, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu kawai amsa wasiƙun nan. Adadin da aka amsa ya haura miliyan 1. Ga mutane da yawa, wasiƙar farko da suka taɓa rubutawa a duniya ita ce wadda suka aika wa rediyon.

Lokacin da ta fi ƙarfin garinsu

Nasara ce ta fitar da tashar daga Sutatenza. Hedikwata ta koma Bogota, aka kafa manyan na'urori, aka buɗe rassa a Medellín, Cali, Barranquilla da Magangué, har ta zama ɗaya daga cikin tashoshi mafi ƙarfi a nahiyar. Gwamnati ta sa hannu, bankin manoma na ƙasar ya riƙa ba da akwatunan rediyo bashi, ƙungiyoyin agaji na Katolikan Jamus irin su Misereor suka zuba kuɗi, haka ma hukumomin raya ƙasa na waje. A ranar 23 ga Agustan 1968 Fafaroma Paul na shida ya gana da ɗimbin manoma a filin Mosquera kusa da Bogota, ya sa wa sabbin na'urorin tashar albarka.

Wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Brazil ta fara nata shirin makarantun rediyo a 1961, Bishop Leonidas Proaño ya kafa irinsa a Riobamba ta Ekwado a 1962, tsibiran Kanari na Sifaniya suka bi a 1965. A 1972 wakilan irin waɗannan tashoshi suka haɗu a garin Sutatenza suka kafa ƙungiyarsu ta Latin Amurka, ALER, wadda take aiki har yanzu.

Sai dai sunan garin ne kawai ya rage a jikin tashar. Darasin da ake ji a bakin teku mai zafi shi ne ake ji a kan tsauni mai sanyi, kuma a ofis a babban birni ake rubuta shi. Akwai wani abu ƙarami da ya fi komai nuna halin da ake ciki: akwatunan rediyon da ACPO ta raba a shekarun farko an ƙera su ne su kama tasha ɗaya tak. Masu tsarin suna da hujja, domin batir yana da tsada kuma ba a so ya ƙare a jin kiɗa kafin lokacin darasi. Amma manomin da ya biya kuɗin akwatinsa da guminsa ba shi da ikon murɗa shi ya ji wata murya.

Masu yabo da masu suka

Masu kare ACPO suna cewa a je a tambayi tsofaffin da suka koyi sa hannu a takarda maimakon dangwala yatsa, waɗanda suka fara iya duba awon ɗan kasuwa da lissafin bashi. Suna nuna matan karkara da suka fara fita daga gida zuwa kwas, suka dawo suna jagorantar maza a aji, a zamanin da hakan ba ƙaramin abu ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san zafin a miƙo maka takarda a ce ka dangwala ba tare da ka san abin da ke ciki ba.

Masu suka ba su musanta haka ba. Abin da suke cewa shi ne Salcedo ya ɗauki ciwon manomi a matsayin jahilci kawai. Akidar ACPO ita ce ci baya a cikin tunanin mutum yake, in an gyara tunani sauran za su biyo. To amma manomin Kolambiya yana fama da wani ciwon: filayen noma masu kyau suna hannun tsirarun masu ƙasa, shi kuwa yana kan gangaren dutse da 'yar gonar da ba ta ciyar da gida. Wani limamin Katolika masanin zamantakewa, Camilo Torres, ya yi nazarin makarantun a kwarin Tenza, aka buga a 1961. Ya yaba canjin da ya gani a gidaje, amma ya tsaya a kan cewa ilimi ba zai wadatar ba in ba a taɓa tsarin mallakar ƙasa ba. Daga baya shi da Salcedo suka yi saɓani mai zafi a kan kamfen ɗin ƙin kwaminisanci da ACPO ta riƙa yi, wanda Torres yake ganin yana ƙara hura wutar gaba a karkarar da ba ta gama binne gawawwakinta ba. Torres ya shiga dajin 'yan tawayen ELN a 1965, aka kashe shi a Fabrairun 1966.

A nawa ganin, sukar da ta fi nauyi ba ta siyasar hagu ko dama ba ce. Manomi a tsarin Sutatenza ɗalibi ne, mai rubuto wasiƙa ne, wani lokaci mataimaki ne. Bai taɓa zama mai gida ba.

A daidai wannan zamani, a ƙasar Bolibiya, ma'aikatan haƙar kuza sun bi wata hanya dabam. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 suka fara kafa tashoshinsu a garuruwan ma'adinai irin su Siglo XX da Catavi, ana yankar wani abu daga albashin kowane lebura a wata don a biya kuɗin tafiyar da su. Tashoshin sun haura 20. Lokacin juyin mulkin Janar García Meza a Yulin 1980, da sojoji suka rufe bakin kafafen labarai na birane, waɗannan tashoshi ne suka haɗa zango suna ba juna labarin inda dakaru suka iso, har aka ƙwace su ɗaya bayan ɗaya. Su ma yawancinsu sun durƙushe bayan 1985, da farashin kuza ya faɗi aka rufe ramuka aka sallami dubban ma'aikata. Bambancin shi ne sun mutu ne tare da al'ummar da ta haife su. Ba wanda ya sayar da su a bayan idon masu su.

Me ya kashe ta?

Ba abu ɗaya ba ne. Dangantaka da shugabannin coci ta yi tsami bayan ACPO ta shiga kamfen ɗin da ta kira haihuwa bisa sanin nauyi, tana jan hankalin ma'aurata su yi tunanin yawan 'ya'yan da za su iya riƙewa. Wasu manyan limamai suka ga an taka layi, kuma limaman ƙauye su ne ƙafafun da shirin ke tafiya da su. Tallafin gwamnati ya ja baya, masu ba da agaji na waje suka karkata wani wajen. Tashoshin kasuwa kuma suna ƙorafin cewa ga mai cin tallafi yana gogayya da su a neman talla.

Ƙasar ma ta canja. A 1947 yawancin 'yan Kolambiya a karkara suke. Kafin shekarun 1980 yawancinsu sun koma birane. Makarantun gwamnati sun ƙaru a ƙauyuka. Ƙaramin rediyon tiransisto mai araha ya cika kasuwa, mai kama kowace tasha, ga kiɗa ga wasan kwaikwayo ga sharhin tseren keke da ƙwallo. Babbar ƙungiya mai ɗaruruwan ma'aikata, da maɗaba'a, da na'urori masu shan wuta, ta wayi gari da bashi a wuya. A Fabrairun 1989 Rediyo Sutatenza ta yi shiru, kamfanin Caracol ya sayi tashoshinta. Jaridar El Campesino ta tsaya a 1990. Salcedo ya rasu a birnin Miami na Amurka a 1994.

Ina ruwan mai saurare a nan?

Tambayar mallaka ba ta Kolambiya kaɗai ba ce. A Nijar an kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo tun 1962, inda ake taruwa a saurari shiri tare da jagora, a tattauna, a naɗi ra'ayin mutane a mayar wa gidan rediyo. Dabara ce 'yar uwar ta makarantun Sutatenza. A 1999 aka buɗe tashar karkara mai aiki da hasken rana a Bankilare, yammacin ƙasar, kuma yau irin waɗannan tashoshi a Nijar sun haura 100. Najeriya ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu a 1992, amma sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 na farko.

Da yawa daga cikin tashoshin karkara a yankinmu da kuɗin wani aikin agaji aka kafa su: a kawo na'ura da faifan sola, a horar da matasa na 'yan makonni, a yanke kyalle, aikin ya ƙare bayan shekara uku. Ranar da batir ya mutu ko tsawa ta ƙona na'ura ake gane ko tashar tana da masu ita. Inda akwai kwamitin da jama'a suka zaɓa, da 'yan kuɗin da ke shigowa daga gaisuwa da sanarwar suna da cigiyar dabba da karo-karon ƙungiyoyi, akan lallaɓa a gyara. Inda babu, sai a jira wani ɗan siyasa ya saya musu sabuwa, daga ranar kuma an san wanda ba za a ƙara sukar sa a wannan zango ba. Ga manomi ko makiyayi, wannan shi ne bambancin tashar da za ta faɗi gaskiyar yadda aka raba taki da wadda za ta karanta sanarwar godiya kawai.

Wani darasin da ake yawan tsallakewa shi ne na mataimakiyar nan ta makarantar rediyo, yarinya mai riƙe da alli. Masu kawo shirye-shiryen wayar da kai sukan auna nasara da nisan da zango ke kaiwa. Sutatenza ta kai nesa, amma karatun ya zauna ne a gidajen da aka samu wani ya tsaya kusa da akwatin.

Abin da ya rage

Kolambiya ba ta yi dokar da ta tsara rediyon al'umma ba sai a shekarun 1990, bayan rufe Sutatenza, kuma yau ƙananan tashoshi ɗaruruwa ne ke aiki a garuruwanta. ACPO ba ta mutu ba. Ta koma koyar da mutanen karkara ta intanet, El Campesino ma ta dawo a matsayin jaridar intanet. A garin Sutatenza akwai gidan tarihi da ke ajiye da tsofaffin akwatuna da kayan aikin farko.

Takardun ƙungiyar, da faya-fayan darussa, da hotuna, suna ɗakin karatu na Luis Ángel Arango a Bogota, kuma a 2013 UNESCO ta sa su cikin kundinta na abubuwan tarihin Latin Amurka da ya wajaba a adana. Cikinsu akwai tarin wasiƙun manoma, da rubutun hannun wanda bai daɗe da koyon riƙe fensir ba, suna ba da labarin masai ɗin da suka haƙa, da kajin da suka yi wa rigakafi, da batirin da ya ƙare, suna tambayar yaushe za a turo musu sabon littafi.